Turmin Baƙuwa

Ku gafarce ni tun kafin in fara. Ban taɓa rubuta labari ba. Aikina jera littattafan wasu ne a ɗakin karatu, in kaɗe musu ƙura in mayar da kowanne gurbinsa, kuma ko a gida idan aka yi baƙi ni ce mai laɓewa bayan ƙofa. In kun ga na yi tuntuɓe a hanya, don Allah ku kau da kai. Abin ne bakina ya kasa faɗa, sai na ce bari in gwada da hannu.

"Sai yaushe?" in ji Mai Tabarau, saurayina.

Muna cikin shagon da yake aiki. Yana ɗaure ƙafar tabarauna da ta saki, ni kuwa ina zaune ina kallon fuskarsa dishi-dishi kamar ta cikin ruwa. A shagon nan muka fara haɗuwa, ranar da na zauna a kan tabarauna na karya shi gida biyu.

"Sai Baba ya ɗan ji sauƙi..."

"Haka kika ce min bara."

"To me kake so in ce?"

"Ki ce in zo! Ni da kawuna, mu zauna gaban mahaifinki mu gaishe shi, mu faɗi abin da ya kawo mu. Hasken idona, ba sace ki zan yi ba fa."

"Duk wadda ta shigo shagon nan haka kake ce mata."

"Su sayar musu da hasken nake yi. Ke kaɗai ce kike ba ni kyauta."

Ban yi dariya ba. Ya miƙo min tabaraun na saka, fuskarsa ta fito tar, sai na ga ashe shi ma ba dariyar yake yi ba.

"Na sami ɗaki a benen da ke kallon gidanku," ya ce. "Taga da taga. In Baba ya yi tari za ki ji. Me kuma ya rage? Ko akwai wani ne?"

"Babu kowa, wallahi!"

"To mene ne kike ɓoye min a gidan nan?"

Na sunkuyar da kai. Ta yaya zan ce masa wata ce, ba wani ba, kuma ta rasu?

"Ku zo," na ce da ƙyar. "Ƙarshen makon nan."

Bari in koma baya kaɗan, in ba haka ba ba za ku gane ba.

Babana makanikin jirgin ruwa ne a zamaninsa. A wata tafiya injinsu ya lalace a wata tashar ruwa can kudu maso gabashin Asiya, suka daɗe suna jiran kayan gyara. Kullum da hantsi in zai wuce ta wani lungu sai ya ji daka daga bayan katanga. Ba dakan mai gaggawa ba, ba kuma na malalaciya ba. Wai a garin, ta bayan katanga tsofaffi suke sauraron dakan yarinya su san irin matar da za ta zama. Baba ya ce shi bai san da wannan ba, ƙafarsa ce kawai take ƙin wucewa.

Haka ya auro Mamata. Ta zo da akwati ɗaya da wani ƙaramin turmin dutse, baƙi wuluk, wanda ta rungumo a cinya duk tsawon tafiyar. Ta koyi yarenmu, ta haife ni, ta yi furfura a gidan nan, amma har ta koma ga Allah bai taɓa kiranta da wani suna ba sai Baƙuwa.

"Baƙuwata," yakan ce, "yau kuma da me za ki ƙona min harshe?"

Bayan rasuwarta kan Baba ya fara zamewa. Makulli a cikin firji. Takalmi a ƙafa ɗaya. Daga nan sai ya daina cin abinci. Gwaggo, ƙanwarsa, ta tattaro kayanta ta dawo gidanmu. Ta dafa duk abin da ta iya, ta yi lallashi, ta yi faɗa. Sai ya kalli kwano, ya kalli bango. Ya san ni, yakan ce "'yar Baba" can ƙasan maƙoshi, daga nan kuma shiru. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Wata rana na hau kujera na sauko da turmin daga saman kabad.

Mama ba ta taɓa zaunar da ni ta koya min ba. Ni dai ina gefe da littafi, ina leƙenta ta saman shafi. Amma da na zauna a ƙasa na ɗora turmin a kan tsumma, sai na tarar komai yana nan. Gishiri da jiƙaƙƙen barkono su ne farko. Sai masu tauri: ciyawar nan mai ƙamshin lemun tsami da ta shuka a tsohon bokiti, da wata 'yar'uwar citta mai ƙarfi kamar itace, da kurkum. Sai tafarnuwa da ƙananan albasa. Ba a saka na gaba sai na baya ya yi laushi. Na ƙarshe shi ne tsumammen jatan landen da take ajiyewa a kwalba.

"Wannan wari fa?" Gwaggo ta leƙo tana toshe hanci. "Uwar Takardu, ɓera ne ya mutu a bayan firji?"

"Jatan landen Mama ne, Gwaggo."

"Allah ya jiƙan uwarki, mace ta gari. Amma ban taɓa ganin mai adana mushe a kwalba da gangan ba sai ita."

Na kankare kwakwa na matse. Madarar farko mai kauri ita ake fara zubawa a kasko, a bar ta har mai ya taso sama, sannan a juye jajjagen a ciki. Yana sauka ya yi ƙara, ƙamshi ya tashi ya cika gidan har ƙarƙashin ƙofofi. Tururi ya rufe min tabarau, na cire shi na ajiye a kan taga.

"Baƙuwa, yau kin makara."

Na juya. Baba ne a bakin ƙofa. Ya taje gashinsa, ya saka maɓallan rigarsa daidai. Ban ga fuskarsa sosai ba, amma muryar ta Babana ce ta da, mai tsokana.

Kowa yana cewa in na cire tabarau Mamata ce sak.

Gwaggo ta dafe ƙirji. Ni kuwa bakina ya riga tunanina.

"Na'am," na ce. "Ya kusa."

Ranar ya ci har da ƙari. Ya suɗe cokali, ya yi mana labarin guguwar teku, ya tsokani Gwaggo da tsohon saurayinta mai kunnuwa. Muka yi dariya har da hawaye.

To ga inda na tsinci kaina. In na daka turmin nan, Baba yana ci, yana hira, yana tafiya ba sanda, amma ni ce Baƙuwa. In ban daka ba, ni 'yarsa ce, amma yana zaune yana ƙarewa a gaban idona. Sai na zaɓi ya ci.

Akwai kuma abin da ko Gwaggo ban faɗa wa ba. Duk lokacin da na fara daka, sai in ji ɗumin mutum a bayan kafaɗata ta hagu. Sai in ji ƙamshin man kwakwar da Mama take shafawa a gashi. Hannuna yakan ƙara ɗigon ruwan kifin kwalba ba tare da na ɗanɗana ba, kuma ya zo daidai. Ban taɓa juyawa ba. Tsoro nake ji in juya in gan ta, na fi kuma jin tsoron in juya in ga babu kowa.

Wani lokacin ina ɗakin karatu, shiru ko'ina, sai in ji dakan can nesa, a hankali, kamar daga bayan kantar littattafai.

Gwaggo ta sha cewa, "Baffanku yana nan, shi ma zai iya ba da ke."

"Baba yana raye, Gwaggo. Daga bakinsa nake so in ji."

"In kuma ya wayi gari ya ga Baƙuwarsa ta bi wani?"

 Wannan tambayar ce take hana ni cewa Mai Tabarau ya zo.

Ranar da za su zo, Gwaggo ta tare ni a ƙofar kicin.

"Kar ki taɓa dutsen nan yau."

"Gwaggo, in bai ci ba zai zauna musu kamar buhu. Ina so su ga Babana, ba inuwarsa ba."

"Su ga Babanki, shi kuma ya ga wa?"

"Zan gama da wuri. In yi wanka, in canza kaya, in saka tabarau. Kafin su iso ƙamshin ya fita."

"Ƙamshin da yake kwana da kwanaki a jikin labule?"

Ban ji ba. Na daka.

Suka iso da yamma, Mai Tabarau da kawunsa, wani dattijo mai yawan gyaran murya. Baba ya tarbe su a tsaye. Ina bayan ƙofa ina jin sa yana ba su labarin yadda ya taɓa gyara injin jirgi da wayar rataye riga, Kawu yana dariya har yana tari. Zuciyata ta cika fal. Na ce a raina, ka gani ko, masoyi? Wannan shi ne Babana.

Kawu ya gyara murya.

"To ranka ya daɗe, mun zo ne da alheri. Ɗan nan namu ya ga yarinyar wajenka, hankalinsa ya kwanta da ita..."

Baba ya ƙyalƙyale da dariya.

"Yarinyata? Haba! Wadda jiya-jiya ta zubar da haƙoran gaba? Ku dawo in ta iya ɗaure igiyar takalmi."

Kawu ya taya shi, ya zaci barkwanci ne. Ni kuwa na ɗauki tire na shiga. Taliyar shinkafa ce a cikin miyar kwakwa da kaza, tana ta turiri. Kafin in kai tebur gilashin idona ya yi fari fat. Na lalubi wuri na ajiye tiren, sai hannu ya yi abin da ya saba. Na cire tabaraun zan goge.

"Ai ga ta nan," in ji Kawu. "Ita muke nufi."



"Ita?" in ji Baba.

Na ji ƙarar kujera ta ja baya.

"A gidana? A kan kujerata? Ka kwaso tsoho mai furfura ka zo ka ce in ba ka matata?"

"Baba..." Mai Tabarau ya miƙe.

"Ni ba babanka ba ne! Fita! Ku fita!"

"Yaya, 'yarka ce!" Gwaggo ta shigo da gudu. "Yaya, dube ta da kyau!"

Na mayar da tabaraun, amma ina! Ya riga ya yi nisa. Kawu ya ja hannun Mai Tabarau suka fita, shi yana waiwayena. Baba ya juyo gare ni. Da ma ihu ya yi min, da ya fi sauƙi. A hankali ya yi magana.

"Baƙuwa... na rabo ki da danginki, na sani. Na bar ki ke kaɗai wata da watanni ina kan teku, ba ki san kowa ba. Amma ban taɓa zaton..."

Ya sa yatsa ya ture kwanon.

"Ba zan ƙara cin abin hannunki ba."

Kuma bai ci ba. Duk abin da ya manta a duniya, wannan bai manta ba. In na daka, sai ya juya wa ƙofa baya. In Gwaggo ta dafa nata, sai ya kalli bango. Ruwa kaɗai yake kurɓa. Likita ya zo ya duba shi, ya ja mu gefe ya ce in aka ci gaba a haka sai dai asibiti, a zura masa roba ta hanci.

Na kira Mai Tabarau a waya.

"Ka nemi wata," na ce.

"Hasken idona, tsaya ki ji..."

"Ka nemi wadda gidansu babu fatalwa."

Na kashe wayar kafin muryata ta tona min asiri.

Washegari da hantsi ina zaune a ƙasan kicin. Na jera komai a faranti, turmi yana gabana, amma na kasa ɗaga taɓaryar. In na daka, matar da ta ci amanarsa ce take daka. In ban daka ba, me zan yi? Ɗumin nan yana bayan kafaɗata, yana jira.

"Na faɗa masa komai, na shigo da shi," in ji Gwaggo daga bakin ƙofa. "In za ki kore shi, ki kore shi a gabana."

Mai Tabarau yana tsaye a bayanta, idanunsa sun faɗa.

"Me ya sa ba ki gaya min ba?" ya ce.

"Kunya..."

"Kin zaci zan gudu?"

"Ai ya kamata ka gudu."

"Na gwada jiya. Na zauna aiki, na saka wa wani tsoho gilashin jikarsa. Ya fita yana gaishe da falwaya."

Dariya ta kuɓuce min tare da kuka. Ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa can gefe, ya naɗe hannun riga.

"Ya ce ba zai ci abin hannunki ba ko? To wannan ba hannunki ba ne. Miƙo."

"Ba a taɓa turmin Mama!"

"Ke kin taɓa."

"Ni 'yarta ce."

"To 'yarta, gaya min me ake fara sakawa."

Na kalli Gwaggo. Ta ɗaga kafaɗa. Na tura masa turmin, ina jin kamar na miƙa wa baƙo jariri.

"Gishiri da barkono," na ce.

Ya zuba. Ya ɗaga taɓaryar dutsen sama ya sauke ta a tsakiya da dukkan ƙarfinsa. Ƙwal! Ya sake. Ƙwal! Ya daki bakin turmin, ya daki gefe, ya tsaya, ya rafka sau da yawa a jere kamar mai kashe kunama. Tsikar jikina ta tashi. Ban taɓa jin an wulaƙanta dutsen nan haka ba.

"A hankali! Ka rufe bakinsa da ɗaya hannun..."

"Wayyo idona!"

Barkono ya yi tsalle ya shige masa ido. Ya saki taɓarya yana fifita fuska da hannu, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Ka ga mai gyaran idon jama'a!" Gwaggo ta riƙe ciki. "Yau wa zai gyara naka?"

"Wane ne yake fasa dutse a gidan nan?"

Muka daskare. Baba ne, yana dafe da bango, rigarsa tana lilo a jikinsa. Ya kalli turmin. Ya kalli namijin da ke zaune a gabansa da jan ido.

"Baƙuwa ba ta barin kowa ya taɓa shi," ya ce a hankali. "Ni kaina sai da ta buge min hannu da ludayi."

Sannan ya kalle ni. Babu komai a wuta, babu tururi, tabarauna yana fuskata. Ya daɗe yana kallona, goshinsa yana tattarewa kamar mai ƙoƙarin karanta ƙananan rubutu.

"'Yar Baba?"

"Na'am, Baba."

"Da tana nan da ba ta bari ba..." Ya duba bayan ƙofa. Ya duba wajen taga. "Tana ina?"

Ɗumin ya matso har ina jin sa a wuyana. Abu mai sauƙi ne in ce ta je kasuwa. Zai gyaɗa kai ya koma ɗaki, ta ci gaba da zama da mu, ni da shi, a kicin ɗin nan har abada.

"Ta rasu, Baba," na ce. "Mama ta rasu. Kai ne ka riƙe hannunta."

Ya saki bangon. Mai Tabarau ya yi wuf ya tura masa 'yar kujera, ya zauna daɓas.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un... Na sani. Ashe na sani."

Ya rufe fuska da tafukansa ya yi kuka sabo fil, kamar yanzu aka fita da ita. Gwaggo ta durƙusa ta riƙe gwiwarsa tana cewa, "Yaya, haƙuri, Yaya." Ni na kasa motsi.

Da ya lafa, ya ɗago.

"To wa take dafa min?"

"Ni ce, Baba."

"Na kira ki da sunanta?"

Na gyaɗa kai.

"Kika amsa?"

"Kana ci, Baba... in na amsa kana ci."

"Subhanallahi." Ya miƙo hannu ya dafa kaina, hannun ba nauyi kamar ganye. "Kar ki ƙara. Ko na kira, ko na yi kuka, ko na yi fushi, ki ce min ni 'yarka ce. In zan ji zafin in ji. Na riga na binne mace ɗaya, ba zan binne ta biyu a cikin kicin da ranta ba. Kin ji ni?"

"Na ji, Baba."

Ya share fuska da hannun riga, ya juya.

"Kai kuma mai jan ido, wane ne?"

"Ni ne wanda ka kora, Baba."

"Da dalili?"

"Na zo neman aurenta ne."

"Da wannan dakan?" Ya girgiza kai. "Matso da shi nan."

Ya karɓi taɓaryar. Ya rufe rabin bakin turmin da hannun hagu, ya sauke ta a jikin gefe, ta zame zuwa tsakiya, ya murza. Babu ƙarfi, amma dakan Mama ne, bugu da jan numfashinsa duka.

"Shekara da shekaru ina zaune a nan ina kallonta," ya ce. "Dutse ba a faɗa da shi, yaro. Karɓi. Daga gefe!"

Haka aka yi girkin ranar. Baba yana kan kujera yana ba da umarni, Mai Tabarau yana gumi, ni ina miƙa abu ina faɗin sunansa, ban taɓa ludayi ba. Ya cika wuta, madarar kwakwar ta tsinke. Hannunsa ya zarce da ruwan kifi. Taliyar ta dahu har ta fara narkewa.

Muka zauna a tebur. Baba ya ɗebi cokali ɗaya ya kai baki. 

"Wannan ba miya ba ce," ya ce. "Hukunci ce."

Ya sake ɗiba.

Ya sake.

Gwaggo ta damƙe hannuna ta ƙarƙashin tebur har ƙashina ya yi ƙara. Bai ci da yawa ba, amma ya ci. Sannan ya ajiye cokalin ya gyara zama.

"Ƙanwata, buɗe kunnenki. Kaina ya zama kwando, abin da na zuba yau ba lalle ya kwana ba. Ke za ki riƙe min."

"Ina ji, Yaya."

"Wannan 'yata ce. Wannan kuma yaro ne da bai iya komai ba, amma ya zauna a ƙasan kicin ɗina barkono ya shiga idonsa bai tashi ba. Na ba shi ita. Da hankalina na faɗa, da bakina. Duk wanda ya tambaya, ki ce ubanta ne ya bayar."

"Na shaida, Yaya," in ji Gwaggo, muryarta tana karyewa.

Mai Tabarau ya zame daga kujera ya durƙusa.

"Na gode, Baba. Allah ya ƙara lafiya..."

"In gobe na kore ka fa?"

"Zan dawo jibi."

"Ka zo ka yi min mummunan dakan nan. Ko matacce ya ji shi sai ya tashi ya ga wane ne." Ya ja kwanon gabansa. "'Yar Baba, babu lemun tsami ne a gidan nan? Gishirin yaron nan zai kashe ni."

Na tashi na shiga kicin.

Turmin yana ƙasa inda aka bar shi, da sauran jajjage a jikinsa. Na tsaya a tsakiyar ɗakin na jira. Na rufe ido na ja numfashi. Warin jatan lande, ƙaurin kasko, sabulun wanke-wanke. Bayan kafaɗata babu komai sai iskar taga.

Na juya, karo na farko. Bango ne, da ƙusar da Mama takan rataye tsumma.

"Mama?" na ce a hankali.

Famfo yana ɗiga. Shi ke nan.

Na yanka lemun na kai. Baba yana nuna wa Mai Tabarau yadda ake naɗe taliya a cokali, shi kuma yana ta zubarwa a riga. Gwaggo tana goge ido tana rantsuwa barkono ne. Na ajiye farantin a gefen tebur, babu wanda ya ɗago.

Kukan da ban yi ba tun ranar da aka fita da Mama ya taso min daga ciki, kuma ba na so ya ɓata musu cin abinci. Na ja da baya a hankali, na ɗauki takalmina a hannu, na sulale ta ƙofar baya kafin wani ya lura babu ni.